Yaya igiyar tsunami take ƙetare teku ba ta mutu a hanya ba?

Abakar_Kusiri:
Assalamu alaikum, jama'ar wannan zaure. Akwai tambayar da ta daɗe tana ci mini tuwo a ƙwarya, kuma na ga ya dace in kawo ta nan tunda akwai malamai a cikinmu. A ƙarshen watan Yulin 2025, da aka yi girgizar ƙasa mai ƙarfin maki 8.8 a gabashin Rasha, kusa da Kamchatka, na ji a rediyo an umurci mutanen Jafan da na Hawai, har da na ƙasar Chile, su nisanci bakin teku saboda tsunami. Da na duba taswira sai na ga Chile tana can Kudancin Amurka, a ɗaya ƙarshen tekun Pasifik. Ni a bakin kogin Logon na girma, kuma na san idan ka jefa dutse a ruwa, ko jirgi mai inji ya wuce, igiyar da ta tashi ba ta yin nisa take kwanciya. To, ta yaya igiyar ruwa za ta yi tafiyar dubban kilomita ba ta mutu a hanya ba, har ta isa da ƙarfin rushe gida? Ko kuwa tsoro ne kawai yake sa hukumomi yin wannan gargaɗi?

Malam_Umaru_Marwa:
Wa alaikumus salam, Malam Abakar. Ni malamin kimiyya ne a wata lise, wato makarantar sakandare, a nan Marwa, kuma duk shekara sai ɗalibai sun yi mini irin wannan tambaya. Abin da za a fara ganewa shi ne, igiyar da ka sani a Logon da igiyar tsunami sunansu ne kawai ɗaya. Iska ko dutse ko jirgi saman ruwa kaɗai suke taɓawa, ruwan da ke can ƙasa yana kwance abinsa. Tsunami kuwa daga ƙasan teku take tasowa. Ɓawon duniyar nan ba guda ɗaya ba ne, a tsattsage yake kamar fasasshiyar ƙwarya da aka ɗinke, kuma ɓangarorin suna motsi a hankali, 'yan santimita a shekara, kamar yadda farce yake fitowa. A wasu wurare wani ɓangare yana kutsawa ƙarƙashin wani, su maƙale shekaru ɗaruruwa, na sama yana lanƙwashewa kamar baka da aka ɗana, har ranar da ya kuɓuce. Idan ya kuɓuce, ƙasan teku yana ɗagawa mita da yawa a cikin 'yan mintoci, ya ɗaga duk ruwan da ke kansa tun daga ƙasa har sama. A girgizar Sumatra, tsibirin Indunusiya da ke gabashin tekun Indiya, ta ranar 26 ga Disamba 2004, tsawon wurin da ya tsage ya kai kilomita 1,300. Ka cika daro da ruwa ka hura samansa da baki, sannan ka sa hannu ka bugi gindin daron daga ƙasa, za ka ga bambancin da nake nufi.

Baba_Masunci_Lagdo:
Malam Umaru, Allah ya ƙara sani. Jikana ne yake rubuta mini wannan. Na yi shekara fiye da 30 ina su a tafkin Lagdo, kuma akwai abin da na lura da shi. Idan na bar gora a kan ruwa igiya ta zo, goran hawa yake yi ya sauka a wurinsa, igiyar ta wuce ta bar shi. Saboda haka ina tambaya, shin ruwan Rasha ne yake tafiya har Chile, ko kuwa motsin ne yake tafiya ruwan yana nan inda yake?

Malam_Umaru_Marwa:
Baba, goranka ya riga ya ba da amsa. Motsin ne yake tafiya. Kamar mutum ya kama bakin doguwar tabarma ya kaɗa ta: tudun yana gudu har ɗaya bakin, amma kabar da ke hannunsa ba ta bar hannunsa ba. Ruwa yana tura na kusa da shi, wancan ya tura na gaba, a haka ƙarfin yake ƙetare teku.

Sa'adatu_Ngaundere:
Ina karatun kimiyyar ƙasa a jami'ar Ngaundere, kuma ina neman izinin Malam in ƙara batun gudu, domin lissafinsa mai sauƙi ne, kowa zai iya gwadawa a wayarsa. Gudun tsunami ya dogara ne ga zurfin ruwa kaɗai. Ka ɗauki zurfin da mita, ka ninka shi sau 9.8, sannan ka nemi lambar da idan aka ninka ta da kanta za ta ba ka wannan jimla, ita ce mitocin da igiyar take ci a daƙiƙa guda. A tsakiyar teku, inda zurfi yake kai mita 4,000, jimlar 39,200 ce, lambar kuma 198, wato fiye da kilomita 700 a awa. A inda zurfin ya ragu zuwa mita 100 gudun yana saukowa zuwa kusan kilomita 113, a mita 10 kuma kusan kilomita 36, gudun babur a cikin gari. Da za a ce irin wannan igiya ta tashi a tafkin Chadi, a wurin da ruwa bai wuce mita 2 ba, da gudunta bai fi kilomita 16 a awa ba.

Idirisa_Njamena:
Kilomita 700 a awa? Ƙanwata, wannan ai gudun jirgin sama ne. Ban ƙaryata ki ba, amma hankalina ya kasa ɗauka cewa ruwa zai yi irin wannan gudu.

Sa'adatu_Ngaundere:
Yaya Idirisa, ka tuna maganar goran Baba: ruwan da kansa ɗan matsawa yake yi gaba ya dawo, abin da yake wannan gudu shi ne tudun. Kuma an gwada lissafin da agogo. Tsunamin 2004 ta isa Siri Lanka bayan kusan awa 2, ta isa gaɓar Somaliya bayan kusan awa 7. Tazarar da jirgin ƙasa yake kwana yana ci daga nan Ngaundere zuwa Yawunde, fiye da kilomita 600, ita ba ta cika awa guda a kanta.

Garba_Direba:
Ni na ɗauka wani katon bango ne na ruwa, tsayin bene mai hawa goma, yake tahowa tun daga tsakiyar teku yana haɗiye duk jirgin da ya tarar. Haka ake nunawa a bidiyoyin da ake turo mana a WhatsApp.

Malam_Umaru_Marwa:
Alhaji Garba, da yawa daga cikin irin waɗannan bidiyoyi haɗa su aka yi da kwamfuta, kuma nan ne mutane suka fi yin kuskure. A tsakiyar teku tsunami ba ta da tsayi, tsawo gare ta. Daga tudu ɗaya zuwa na bayansa ana iya samun kilomita 200 ko fiye, amma tsayin tudun sau da yawa bai kai mita guda ba. A 2004 an yi dace wani tauraron ɗan'adam mai auna saman teku, Jason-1, ya ratsa ta kan tekun Indiya awa 2 bayan girgizar, ya auna tsayin igiyar kusan santimita 60, wato bai kai ƙugun mutum ba. Jirgin da ke can zai ɗaga a hankali cikin mintoci masu yawa ya sauka, waɗanda ke ciki ba su san an yi ba. Abin da ya faru a yankin Sanriku na Jafan ke nan a watan Yunin 1896: masunta suna can nesa suna su cikin dare, ba su ji komai ba, da gari ya waye suka dawo suka tarar ruwa ya share ƙauyukansu, mutum kusan 22,000 sun rasu. Kalmar kanta ta Jafananci ce, ma'anarta igiyar tashar jiragen ruwa, domin a tasha ake ganin ta.

Garba_Direba:
To, idan haka ne, a ina take samo tsayin da take hawa kan gidaje?

Sa'adatu_Ngaundere:
Alhaji, daga raguwar gudu. Gaban igiyar yana shiga ruwa marar zurfi ya rage gudu, alhali bayanta yana can kilomita masu yawa a cikin zurfi yana tahowa da cikakken gudu. Na baya yana cim ma na gaba, tsawon nan ya takure, ruwan ba shi da wurin zuwa sai sama. A Jafan, ranar 11 ga Maris 2011, akwai wuraren da ruwa ya hau tudu har kusan mita 40.

Garba_Direba:
Yanzu na gane. Na sha ganin haka a gadar Ngeli tsakanin Kusiri da Njamena: motoci suna tafe a warwatse a hanya, da na gaba sun rage gudu sai ka ga duk sun taru wuri ɗaya. Amma ina da wata damuwa. Ina ɗauko kaya daga tashar Duwala da ta Kiribi, kuma nakan kwana a can. Shin irin wannan abu zai iya faruwa a bakin tekun Kamaru?

Injiniya_Bello_Garwa:
Alhaji Garba, haɗarin ya fi yawa nesa ba kusa ba a kewayen tekun Pasifik da gabashin tekun Indiya, domin can ne ɓangarorin da Malam Umaru ya ambata suke kutsawa ƙarƙashin juna. Gaɓar Afirka ta Yamma da ta Tsakiya ba ta kan irin wannan mahaɗa. Duk da haka ba zan ce tekun Atlantika bai taɓa gani ba. Ranar 1 ga Nuwamba 1755 girgizar da ta rushe birnin Lisbon na Fotugal ta tayar da igiyar da ta afka wa gaɓar Maroko, ta kuma ƙetare tekun har tsibiran Karebiyan. Sannan ba girgiza kaɗai ke haddasa ta ba. Dutse mai aman wuta ko zaftarewar ƙasa a cikin teku suna iya ture ruwa haka nan, kamar Krakatau a Indunusiya a 1883, inda mutum fiye da 36,000 suka rasu, yawancinsu ruwa ne ya ci su. Mu kuma muna da Dutsen Kamaru a saman Limbe, wanda ya yi aman wuta a 1999 da 2000. Shawarata ita ce, duk wanda ke bakin teku ya ji ƙasa ta girgiza da ƙarfi, ko ya ga ruwa ya janye fiye da yadda ya saba, ya nufi tudu nan take, kada ya jira sanarwa.

Hajiya_Asabe_Garwa:
Ni kuwa tun ɗazu ina so in tambaya, ambaliyar da muka gani a 2012, lokacin da kogin Binuwai ya cika ya shiga unguwanni a nan Garwa, ita ma tsunami ce? Gidan ƙanwata ruwa ya ci shi a wannan shekara, kuma har yau idan ta ji an ambaci ruwa sai jikinta ya yi sanyi.

Injiniya_Bello_Garwa:
Allah ya mayar mata da alheri, Hajiya. Amma wannan ambaliya ce ta damina: ruwan sama ya yi yawa, madatsar Lagdo ta cika aka saki ruwa, kogi ya tumbatsa. A ambaliya ruwa ne ya ƙaru, yana hawa cikin awoyi ko kwanaki, kamar yadda Logon da Shari suka yi wa Kusiri da Njamena a 2022. A tsunami ba ɗigon ruwa ɗaya da ya ƙaru a teku, ture shi aka yi daga wurinsa yana neman komawa.

Musa_Gida:
Abin da ya fi kusa da wannan a ƙasarmu, a ganina, shi ne abin da ya faru a tafkin Nyos na Kamaru, ranar 21 ga Agusta 1986. Mahaifina yana fataucin shanu a yankin Arewa maso Yamma a lokacin, kuma ya sha ba mu labarin rugagen da aka wayi gari babu mai numfashi a cikinsu. Iskar gas da ta fito daga ƙasan tafkin ce ta kashe mutum fiye da 1,700 da dabbobi dubbai, amma fitowarta ta tayar da igiyar da ta hau gaɓar tafkin kusan mita 25.

Sa'adatu_Ngaundere:
Gaskiya ne, Yaya Musa, kuma misalin yana nuna cewa duk abin da ya ture ruwa mai yawa farat ɗaya zai tayar da irin wannan igiya. Sai dai ta Nyos a cikin ramin tafkin ta ƙare, ba ta da teku a gabanta.

Hajiya_Asabe_Garwa:
Maganar Sa'adatu ta awa 7 ce ta tsaya mini a rai. Awa 7 fa! Mutum zai yi sallar Asuba, ya ci kasuwa, ya yi Azahar, duk igiyar tana hanya. Amma a Somaliya mutum kusan 300 suka rasu, garin Hafun ya lalace, alhali tun da safe duniya ta san abin da ya sami Aceh, yankin Sumatra da ke kusa da inda girgizar ta auku. Waɗannan bayin Allah kiran waya ɗaya ya ishe su.

Malam_Umaru_Marwa:
Hajiya, wannan shi ne abin da ya fi ciwo a 2004. Mutum kusan 230,000 suka rasu a ƙasashe 14. Mutanen Banda Aceh, babban birnin yankin, mintoci kusan 20 kawai suka samu, amma na Siri Lanka da Indiya da Somaliya suna da awoyi, sai dai a lokacin tekun Indiya ba shi da tsarin gargaɗi. Pasifik yana da shi, domin bayan tsunamin 1946 da ta taso daga Alaska ta kashe mutum 159 a Hawai, an kafa cibiya a can a 1949. Na tekun Indiya sai a 2006 ya fara aiki. Yanzu akwai na'urori da ake ajiyewa a ƙasan teku masu auna nauyin ruwan da ke kansu, idan tudun ya wuce, ko da 'yan santimita ne, sai su aika wa wata na'ura da ke shawagi a sama, ita kuma ta aika ta tauraron ɗan'adam. Tunda an san zurfin teku a ko'ina, da lissafin da Sa'adatu ta kawo ake faɗa wa kowace ƙasa lokacin da za ta iso mata.

Alaramma_Sani_Bongor:
Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Na ji wasu suna cewa tunda ajali ba ya wuce lokacinsa, gudun ba shi da amfani. Wannan ba fahimtar malamanmu ba ce. Wanda ya tambayi Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ko ya saki raƙuminsa ya yi tawakkali, an ce masa ya ɗaure shi sannan ya yi tawakkali. Hawa tudu idan an yi gargaɗi yana cikin ɗaure raƙumi.

Sa'adatu_Ngaundere:
Allah ya gafarta Malam, akwai misali a kan haka. Tsibirin Simeulue yana daf da inda girgizar 2004 ta auku, amma mutane ƙalilan ne suka rasu a can, domin tun bayan wata tsunami ta 1907 kakanni suke gaya wa jikoki cewa idan ƙasa ta girgiza teku ya janye, a gudu kan tudu. Suna kiran abin smong. A wasu gaɓoɓin kuwa, da ruwa ya janye mutane shiga suka yi suna tsintar kifi. Amma a kula, ba kullum ruwa yake fara janyewa ba, ya danganta ga ko kwarin igiyar ne ya fara isowa ko tudunta.

Abakar_Kusiri:
Na ƙaru ƙwarai, Allah ya saka wa kowa. Sai dai ku yi mini haƙuri, asalin tambayata tana nan. Na ji dalilin gudunta da dalilin tsayinta a gaɓa, amma me ya hana ta gajiya a hanya, kamar yadda igiyar dutsen da na jefa take gajiya?

Malam_Umaru_Marwa:
Ka yi daidai da ka dawo da mu, Malam Abakar. Amsar tana cikin tsawon. Igiyar dutsenka tsakanin tudu da tudu bai wuce taki ɗaya ba, saboda haka kafin ta ci mita 20 ta hau ta sauka sau da yawa, kuma kowane hawa da sauka yana cinye ƙarfinta, ga shi tun farko ƙarfin kaɗan ne kuma yana rarrabuwa a da'ira. Igiyar iska a teku kuma tana tsayuwa ta karye ta yi kumfa, ƙarfin ya watse. Tsunami mai tsawon kilomita 200 kwance take, ba ta karyewa, kuma tafiyar kilomita 10,000 ninkin tsawonta sau 50 ne kawai. Tana raguwa, amma a hankali. Shaida mafi ƙarfi ita ce girgizar Chile ta 22 ga Mayu 1960, mai maki 9.5, wadda ba a taɓa auna irinta ba. Igiyarta ta isa garin Hilo a Hawai bayan kusan awa 15 ta kashe mutum 61, ta isa Jafan bayan kusan awa 22 ta kashe fiye da 100.

Injiniya_Bello_Garwa:
Zan ɗan ƙara wa Malam abu ɗaya, domin misalin da'ira yana iya ruɗar da mutum. Dutse wuri ɗaya yake faɗawa, amma tsagewar ƙasan teku doguwa ce, kamar a jefa gungumen icce a kwance, kuma ƙarfin ya fi tafiya ta gefen gungumen biyu. Tsagewar 2004 daga kudu zuwa arewa ta miƙe, saboda haka ƙarfin ya nufi gabas da yamma. Shi ya sa Bangaladash, wadda take arewa kuma ƙasarta a kwance take, ba ta yi asara mai yawa ba, alhali Somaliya da ta fi ta nisa ta yi. Tudun ƙasan teku da tsibirai su ma suna karkatar da ita. A Siri Lanka ta zagaya tsibirin ta bugi gefen da ke bayansa, inda ta kifar da jirgin ƙasa cike da fasinjoji, fiye da mutum 1,000 suka rasu.

Idirisa_Njamena:
Duk da haka, ni ina tare da rabin tambayar Malam Abakar na biyu, wato ko tsoro ne kawai yake sa hukumomi yin gargaɗi. A 2025 an kwashe mutane masu yawa daga gidajensu, amma a mafi yawan wuraren igiyar da ta iso ba ta yi ɓarna mai yawa ba. Idan ana yawan haka, ranar da ta gaske ta zo mutane ba za su tashi ba.

Sa'adatu_Ngaundere:
Damuwarka tana da tushe, Yaya, kuma masana suna muhawara a kanta. Sai dai a mintocin farko abin da ake da shi shi ne ƙarfin girgizar da wurinta, girman igiyar ba ya tabbata sai ta wuce ta kan na'urorin ƙasan teku, kuma kowace gaɓa da yadda take karɓar ta, mashigi mai ƙunci yana tara ruwa fiye da gaɓa a buɗe. A Hilo a 1960 an busa jiniya, amma wasu ba su tashi ba, wasu kuma da suka ga igiyar farko ƙarama ce suka ɗauka an gama, sai ta uku ce ta rushe garin. Tsakanin igiya da igiya ana iya yin minti 10 har zuwa awa guda.

Idirisa_Njamena:
Na yarda da batun Hilo, amma har yanzu ina ganin ya kamata a riƙa bambanta wa talaka gargaɗin da ake zato da wanda aka tabbatar, da harshen da yake ji.

Baba_Masunci_Lagdo:
Ni kuma abin da ya rage mini shi ne labarin masuntan Jafan da Malam Umaru ya kawo. Idan a cikin zurfi igiyar ba ta kifar da jirgi, to masuncin da ke bakin gaɓa ya ji gargaɗi, wanne zai yi: ya bar jirginsa ya hau tudu, ko ya tura shi ya nufi tsakiya? Domin jirgin nan shi ne gonarsa, shi ne rumbunsa.

Injiniya_Bello_Garwa:
Baba, wanda yake can cikin zurfi ya zauna a can, kada ya dawo sai an ce ya dawo. Wanda yake gaɓa kuma girgizar a kusa aka yi ta, ni ina ganin tudu ne kawai, domin igiyar za ta tarar da shi a bakin tasha, inda ruwan ya fi hauka.

Malam_Umaru_Marwa:
A girgizar kusa na yarda da Injiniya. Amma idan daga nesa ta taso, akwai awa 7 ko 15 a gaba, manyan jirage sukan fita zuwa zurfi, kuma a 2011 wasu masuntan Jafan sun tsirar da jiragensu ta haka, wasu kuma ba su kai ba. Baba, kwalekwalenka na Lagdo, idan da inji, kilomita nawa yake ci a awa? Daga nan za mu iya lissafa ko irinsa zai kai zurfin da ake bukata kafin ta iso.